DARASIN KASUWA: Kaya Suna Ƙetare Iyaka, Wasa Yana Tsayawa a Gida

  

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu nesa, har ƙasar Indiya, amma a gida zai sauka. Za mu duba yadda wani kamfanin madara na makiyaya ya mamaye ƙasarsa da talla mai ban dariya, da kuma abin da ya faru da dariyar lokacin da kayan suka fita waje. Muna roƙon a karanta a tsanake, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe a zaman reshe.

1. INA RUWAN MAI SHANU DA TALLAR MADARA?

Wani zai ce, mu da muke sayar da bijimai, me ya haɗa mu da madarar gwangwani? To, a tsaya a ji.

Nagge daɗi goma ce, kuma daɗinta na farko shi ne nono. Kuɗin nono da man shanu da wagashi su ne cefanen ruga na yau da kullum. Muddin matar Bafulatani tana dawowa daga kasuwa da kuɗin ƙwarya, maigida ba ya gaggawar fitar da saniya. Ran da nono ya rasa mai saye, sai a fara taɓa garke, a sayar da karsana da ya kamata ta haihu. Bana mu ji daɗin araha, baɗi da baɗin baɗaɗa mu je ruga mu tarar babu abin saye. Kun ga ke nan kasuwar nono ita ce gindin kasuwarmu.

Dattawanmu ba su manta ba. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, ƙasashen Turai sun riƙa turo daskararren nama mai rahusa, wanda gwamnatocinsu suka tallafa wa, yana sauka a tashoshin jiragen ruwa irin su Abijan da Tema. Shanun da aka koro daga Burkina, Mali da Nijar suka rasa daraja a kudu. Sai a 1993 da wasu ƙungiyoyin agaji na Turai suka yi gangami aka rage tallafin, sannan a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kafin ciniki ya farfaɗo. Abin da ya sami nama a wancan lokaci shi yake samun nono. A tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda Gana ta fara aiki da shi a 2016, garin madara na babban buhu kashi 5 cikin 100 kaɗai yake biya. Yawancinsa daga Turai da Niyuzilan yake zuwa, kuma wani an cire masa man shanunsa an maye da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. Da yawa daga cikin masu haɗa burkina da yogot a cikin gari da shi suke aiki.

Wannan gari ba da ƙarfin tsiya yake shiga gidajen mutane ba. Da araha yake shiga, da tsabtar ƙunshi, da kuma talla. Shi ya sa sanin sirrin talla ya zame mana dole.

2. DAGA YAJIN MAKIYAYA ZUWA BABBAN KAMFANI

A jihar Gujarat ta yammacin Indiya akwai wani gari mai suna Anand, wanda a da yake cikin gundumar Kaira. Kafin 1946 wani kamfani mai suna Polson ne ke da ikon tattara madarar yankin yana kai wa birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai. Shi da 'yan kamashonsa su ke yanka farashi, mai saniya ba shi da ta cewa. Da abin ya ishe su, sai suka kai kuka wurin Sardar Vallabhbhai Patel, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin ƙasar. Ya ba su shawara su haɗa kai su sayar da kansu. Suka yi yajin kwana 15 ba su ba kowa madara ba. A watan Disamba 1946 aka yi wa ƙungiyarsu rajista a ƙarƙashin Tribhuvandas Patel. Da ƙauye biyu suka fara, abin da suke tarawa a rana bai kai lita 250 ba.

A 1949 wani matashin injiniya, Verghese Kurien, ya zo Anand, daga baya ya zama jagoran harkar. Matsalarsu ita ce yawancin madararsu ta ɓauna ce, irin ɓaunar gida da suke kiwo suna tatsa, kuma masanan Turai na ganin ba za a iya mai da ita gari ba. Abokin aikinsa H. M. Dalaya ya gano hanyar, aka buɗe masana'anta a 1955. Sunan da suka sa wa kayansu shi ne Amul, wanda ya samo tushe daga wata kalma ta tsohon harshensu mai ma'anar abin da ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi.

A 1970 gwamnati ta ƙaddamar da shirin Operation Flood, wato ambaliyar madara. A nan akwai dabarar da ya kamata mu lura da ita. Turai ta ba Indiya kyautar garin madara da mai. Maimakon a raba kyauta a kashe kasuwar makiyayi, sai aka sayar, aka ɗauki kuɗin aka gina wuraren tattara madara da masana'antu. Shirin ya kai har 1996, kuma a 1998 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen yawan madara.

Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Kowane ƙauye da ƙungiyarsa. Safe da yamma ake kawo madara, ko da lita ɗaya ce, a auna, a gwada yawan maiƙonta, a biya gwargwadon haka. Ƙungiyoyin ƙauyuka su haɗu su yi ta gunduma mai masana'anta, na gundumomi su haɗu su yi ta jiha mai kula da sayarwa, wadda aka kafa a 1973. Membobinta sun kai kimanin miliyan 3.6, da yawansu mata ne masu saniya ko ɓauna biyu zuwa uku.

3. YARINYAR DA KE TSOKANAR KOWA

A 1966 aka ba wani mai sana'ar talla a Bombai, Sylvester daCunha, aikin tallar botar Amul. Shi da mai zanensa Eustace Fernandes suka ƙirƙiro wata 'yar yarinya mai kumatu, mai shuɗin gashi, da riga mai ɗige-ɗige ja. Suka kafa ta a manyan allunan bakin titi. Abin da ya bambanta ta da sauran talla shi ne, duk abin da ya faru a ƙasa sai ta tanka. Zaɓe ne, wasan kurket ne, sabon fim ne, yajin aiki ne, tsadar kaya ce, ko minista ya yi abin kunya, bayan kwana kaɗan za a ga sabon zane da gajeriyar magana mai harshen damo, wadda a ƙarshe take komawa kan bota da burodi.

Kurien ya yi wani abu da ba kowane shugaba zai yi ba: ya ba masu tallar izinin kafa allo ba tare da sun jira ya duba ba, domin zancen da ake yayi yau, gobe ya huce. DaCunha ya rasu a 2023, amma yarinyar ta ci gaba da fitowa, ta haura shekara hamsin tana tsokana.

To, me ya sa Indiyawa suke haƙuri da ita, har manya na jin daɗi in ta taɓa su? Dalili uku muka gani.

Na ɗaya, harshe. Maganarta gaurayen Hindi da Turanci ne, kalma ɗaya ma'ana biyu. Wanda bai tashi da harsunan nan biyu a kunne ba, ko an fassara masa sai dai ya gyaɗa kai. Hatta taken botar wasa ne da kalma: an ɗauki sunan bota na Turanci an ɗaura masa jela don ya yi amo ɗaya da kalmar da ke gabansa. In aka juya shi zuwa Hausa ko Dagbani, gishirin ya zube.

Na biyu, labari. Dariyar tana kan abin da kowa ya kwana da shi jiya. Wanda bai ji labarin ba, bai ga abin dariya ba.

Na uku, kuma shi ne babba, dangantaka. Yarinya ce ƙarama, kuma ta gida ce. Kowa ya san kamfanin na talakawa masu tatsa ne. A 1976 ma makiyaya dubu 500 ne suka ba da rufi biyu-biyu aka shirya fim ɗin Manthan a kan tarihin ƙungiyarsu. Saboda haka in ta yi tsokana, kamar jika ce ke tsokanar kakanta. Da kamfanin baƙi ne ya faɗi irin maganganunta, da tuni an yi masa ca.

4. DA KAYAN SUKA FITA WAJE

A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 Indiya ta samar da madara kimanin tan miliyan 239, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ta duniya duka. Kusan rabi daga ɓauna take fitowa. Amma kayan madarar da ta sayar waje a wannan shekara kimanin tan dubu 64 ne kawai, na wajen dala miliyan 270. Dalili kuwa, mutanenta sun haura biliyan 1.4, kuma masu shan madara ne, su ke shanye abinsu. Ga shi farashinta ba ya cika yin ƙasa da na Niyuzilan, ga ciwon boru, wato na baki da kofato, da ke sa ƙasashe masu tsauraran dokoki ɗari-ɗari. Fitar ma ba kullum take tafiya daidai ba. A 2011 gwamnati ta hana fitar da garin madara don ya ishi gida, ta ɗage a 2012. A 2018 kuma da gari ya yi musu yawa, sai jihohin Gujarat da Maharashtra suka ba da tallafi don a fitar da shi. Wannan shi ne abin da ya kamata mu sa wa ido: ranar da rumbunsu ya cika ya tumbatsa, ƙasashe irin namu ake nema.

Ina kayan suke zuwa? Manyan masu saye sun haɗa da Daular Larabawa, Saudiyya, Amurka, Singafo da maƙwabta irin su Butan da Bangaladash. Wanda ya duba zai ga yawancinsu wurare ne da Indiyawa suka yi yawa. Man shanu da bota da cukunsu suna bin mutanensu ne, kamar yadda kilishi da daddawa ke bin Bahaushe duk inda ya yi zango.

A watan Maris 2024 Amul ya sanar da fara sayar da ɗanyar madara a Amurka. Ba daga Indiya aka ɗauko ta ba. Ƙungiyar masu madara ta jihar Mishigan ce ke tatsa daga shanunta, ta zuba a robar Amul, aka fara da shagunan Indiyawa. A 2025 suka yi irin wannan haɗin gwiwa da wata ƙungiyar makiyaya ta ƙasar Sifen mai suna COVAP. Da suka so duniya ta ga sunansu kuma, sai suka manna shi a rigunan 'yan wasa, kamar ƙungiyoyin kurket na Amurka da Afirka ta Kudu a gasar duniya ta 2024. Suna kawai, babu tsokana.

Kun ga darasin. Mutanen da suka fi kowa iya wasa a gidansu, da suka fita waje sai suka nemi ɗan gari ya riƙe musu hannu, suka ajiye barkwancin ga 'yan'uwansu masu gane shi. Ko a watan Yuni 2020, da yarinyar ta fito tana kiran a ƙaurace wa kayan Sin lokacin da ƙasashen biyu ke zaman doya da manja a kan iyaka, a gida an yi ta tafi. Amma kowa ya san wannan zane ba zai sayar da ko cokali ɗaya na bota a ƙasar Sin ba.

5. MU MA MUN SAN WANNAN TUN KAKA DA KAKANNI

Wannan ba sabon ilmi ba ne a wurinmu. Wasa a ƙasarmu yana da dangi, yana da iyaka. Bafulatani da Babarbare za su haɗu a kara, kowa ya ce shi ne ubangidan ɗan'uwansa, a yi dariya a sha shayi tare. Haka Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, Bafulatani da maƙeri. A cikin gida akwai taubasai da kuɗin shararsu na watan cika-ciki, akwai jika da kaka.

Nan arewacin Gana ma haka abin yake. Dagwamba da Moshi abokan wasa ne, domin tarihin baka ya nuna Moshi sun fito ne daga tsatson gimbiya Yennenga, 'yar gidan sarautar da ta haifar da Mamprusi da Dagwamba, saboda haka wasan jika da kaka ne. Farafara da Dagaba kuwa a kan kan kare suke tsokanar juna. A Nijar abin ya yi ƙarfi har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2014.

Kowane falke ya san amfanin wannan. Sau nawa ciniki ya cije, dillali ya gano mai saye abokin wasansa ne, ya jefa masa kalma ɗaya, fuska ta saki, aka sallama? Amma kowa ya san ɗaya gefen ma. Maganar da Babarbare zai faɗa wa Bafulatani a yi dariya, in wani can da babu wasa tsakaninsu ya faɗe ta, sai a zare sanda. Kalmar ba ta canza ba, mai faɗar ne ya canza.

To, talla wasa ne da mutanen da ba ka gani. A kara kana duban fuskar mutum, in ka ga ta ɓaci ka janye. A rediyo ko a saƙon waya babu wannan dama. Magana zarar bunu ce.

6. INDA WASA YA ƁACI

Ga misalai uku, dukkansu daga harkar dabbobi da madara.

Na farko, a watan Satumba 2017 hukumar tallata nama ta Ostareliya ta fitar da talla don a ci naman rago. Aka nuna ababen bauta na addinai daban-daban a tebur ɗaya suna raha, ciki har da Ganesha, mai kan giwa, wanda mabiya addinin Hindu suke girmamawa kuma suke ɗauka ba ya cin nama. A wurin masu tallar raha ce ta haɗa kan jama'a. A wurin Hindu cin fuska ne, har ofishin jakadancin Indiya ya kai ƙara ga gwamnatin ƙasar.

Na biyu, a Nijeriya, ranar Juma'ar da Kirista ke tunawa da gicciye a watan Afrilu 2023, masu madarar Peak suka sa hoton gwangwanin da aka lotsa aka huda, suna kwatanta shi da abin da ake tunawa a ranar. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta yi barazanar a daina sayen kayansu. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye hoton ya ba da haƙuri. Ga madarar da ta shekara kusan saba'in a kasuwar ƙasar, amma hoto ɗaya ya so ya zubar mata da mutunci.

Na uku ya fi ban tsoro, domin wanda ya biya ba shi ya yi laifin ba. A 2005 wata jarida a Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da sunan raha. A farkon 2006 Musulmi a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suka ƙaurace wa kayan ƙasar. Kamfanin Arla, mai madarar Dano, wanda shi ma na ƙungiyar makiyaya ne kuma ba shi da hannu a zanen, cinikinsa a yankin ya kusa tsayawa cik. Wannan ya nuna bakin mutum ɗaya yana iya jawo wa dukan 'yan garinsu asara. In falke ɗaya ya yi ɓaranɓarama a Pouytenga ko Fada Ngurma, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi mutanen Tamale.

Mu da ke arewacin Gana ba ma bukatar a tuna mana nauyin maganar kasuwa. Rikicin 1994, wanda ya ci rayuka fiye da dubu, tushensa ƙasa ce da sarauta, amma a kan cacar bakin cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla wutar ta kama. Allah kada ya maimaita mana.

7. KAYAN INDIYA, SUNAN GIDA

Kada a ɗauka cewa babu abin Indiya da ke ba mu dariya. Mutanen Tamale sun daɗe da kallon finafinan Indiya tun zamanin silima, haka Kano da Maradi. Amma a lura da yadda abin ya zama namu. A Kano sai da aka riƙa juya finafinan zuwa Hausa, masu fassara suna zuba karin maganar gari, kafin suka shiga kowane lungu. A kudancin Gana, tun daga 2015 da tashar Adom TV ta fara nuna wasan Kumkum Bhagya da harshen Tuwi, mata suka riƙa barin tukunya a wuta. Labarin na Indiya ne, barkwancin na gida.

Dubi kuma keke mai ƙafa uku da ake kawowa daga Indiya. A Kumasi sunansa Pragya, sunan jarumar wancan wasa. Nan arewa wasu na ce masa yalo-yalo, wasu Mahama Kambu. A Kano A-daidaita-sahu. Babu kamfanin da ya zauna a ofis ya raɗa waɗannan sunaye. Jama'a ce ta raɗa, kuma su suka fi kowace talla tasiri.

Akwai kuma tallar da ba ta bukatar harshe. Fan Milk, wanda wani ɗan Denmak, Erik Emborg, ya kafa a Gana a 1960, ƙahon keke ne shelarsa. Yaro a Tamale, Lome ko Wagadugu in ya ji wannan ƙara ya san mai FanYogo ya iso. Cowbell kuwa, da ya shiga Nijeriya a 1993, ƙaramin ƙunshi na kuɗi kaɗan shi ne babbar tallarsa. Abin da ido ya gani, da abin da aljihu zai iya, su ne ke ƙetare iyaka ba tare da tafinta ba.

8. ABIN DA ZA MU RIƘE

Yau da yawanmu muna talla ko ba mu kira ta da sunan ba. Sanarwa a gidan rediyo gabanin Layya, hoton bijimi da saƙon murya a WhatsApp, rubutun bayan tirela, kirarin da dillali ke yi wa sa, duk talla ne. Ga ƙa'idoji bakwai.

(a) In za ka yi wasa, yi a kanka ko a kan dabbarka. Ka ce sanka ya fi ka cin abinci, babu wanda zai ji haushi. Kada ka yi a kan ƙabilar mai saye, ko matarsa, ko talaucinsa.

(b) Addini, sarauta da siyasa, a bar su a inda suke. Yarinyar Amul tana tsokanar ministoci don ƙasarta ta saba da haka. Rikicin sarautar Dagbon da ya tsananta a 2002 sai a watan Janairu 2019 aka daidaita shi da naɗin Ya-Na Abukari na Biyu. Wannan ba fagen raha ba ne ga ɗan kasuwa, balle baƙo.

(c) Barkwancin ƙabila na ido da ido ne. Da zarar an naɗe shi a waya, zai kai kunnen wanda ba ku da wasa da shi. Musamman raha a kan Fulani makiyaya: a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar tsakaninsu da manoma a wurare irin su Agogo, abin da kake gani wasa wani makami yake nema. Kuma su ne masu ba mu kaya.

(d) Kada ka fassara tallarka. In da Dagbani za a yi, nemi ɗan Dagwamba ya tsara ta daga tushe. In da Tuwi ne ko harshen Moshi, haka. Kafin a saki, a karanta wa dattijo ɗaya da mace ɗaya na wannan al'umma, a dubi fuskarsu.

(e) Wasa ba ya gyara kaya. Botar Amul ta daɗe ne don tana da kyau, ba don yarinyar kaɗai ba. Nonon da aka tsuga wa ruwa, ko san da aka ɗura wa ruwa don ya cika ido, ko dabba marar takardar likita, babu dariyar da za ta dawo da mai saye karo na biyu.

(f) A san doka. A Gana tallar abinci sai hukumar FDA ta duba ta amince, kuma dokar shekarar 2000 ta hana tallata madarar jarirai. A Nijeriya hukumar ARCON ta hana amfani da baƙi ko muryar baƙi a talla daga 1 ga Oktoba 2022. A tuna kuma Burkina, Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS a watan Janairu 2025, saboda haka a riƙa tambayar halin da takardu ke ciki kafin a ɗora kaya.

(g) Suna ɗaya ya fi sunaye ɗari. Wannan shi ne babban abin koyi daga Anand. Saniyarmu abin da ake tatsa a rana bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, amma su ma da ƙasa da lita 250 suka fara. A Kaduna an gwada irin wannan tsari da ƙungiyar MILCOPAL, a Nijar akwai cibiyoyin tattara nono a Hamdallaye da Kollo masu kai wa Yamai, kuma a 2018 makiyayan Afirka ta Yamma suka fara gangamin a sha nonon gida. Mu muke da motoci, mu muka san kowace ruga da kowace hanya, ga masana a Pong-Tamale da jami'ar UDS a Nyankpala kusa da mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran da wagashi da man shanun yankinmu suka fito da tsabta a ƙarƙashin suna ɗaya na masu shi, mu ne za mu zama 'yan gida masu izinin wasa a wannan kasuwa, baƙo kuwa sai ya nemi tafinta.

9. TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. A kasuwannin da reshenku ke zuwa, su wane ne abokan wasanku, su wane ne kuma babu wasa tsakaninku? A lissafa, a sanar da yara masu koyon fatauci.

2. Masu haɗa burkina da yogot a unguwarku, nawa ne ke aiki da nonon ruga, nawa da gari? Wane dalili suke bayarwa?

3. Wace sanarwa ko saƙon waya kuka taɓa ji da ya ɓata wa wata al'umma rai? Yaya aka kashe wutar?

4. In reshenku zai taimaka wa mata masu nono su kai kayansu gari da sanyin safiya, me zai ci, wa zai riƙe amana?

Sakatarorin rassa su rubuta abin da aka tattauna su aiko wa ofishin ƙungiya, domin mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare harsunanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.